ALLURA BIYU A RANA GUDA: INA MATSAYIN UBA MUSULMI?

 

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala ce da ke yawan tasowa a ɗakunan shan magani na ƙasar Zazzau ta arewa, watau Ikara da Makarfi da Kudan da ƙauyukan da ke kewaye da su. Uwa za ta goyo ɗanta ɗan wata 9 daga Gubuchi ko Pala ko Likoro, ta zo wurin rigakafi da niyyar a yi masa allura ɗaya. Sai ta ga ma'aikaciya ta jera uku: ta ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau. Nan take sai hankalinta ya tashi, ta ce a yi ɗaya a bar sauran sai wani mako, domin yaron ƙarami ne, jikinsa ba zai ɗauka ba. Wata kuwa maigida ne ya kafa mata sharaɗi tun daga gida, cewa in ta ga allura ta wuce ɗaya ta ɗauko masa ɗansa ta dawo.

Wannan tsoro daga ƙauna ya fito, saboda haka bai kamata a yi wa mai shi dariya ko tsawa ba. Abin da ya kamata shi ne a zauna a duba tambayoyi biyu da ke ƙunshe a cikinsa. Ta farko, shin haɗa rigakafi biyu ko fiye a rana guda yana cutar da yaro? Ta biyu, shin ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya, har a yi wahalar banza? In an sami amsarsu, hukuncin shari'a zai fito fili da kansa.

ASALIN MAGANA

Neman magani halal ne, babu saɓani a kai tsakanin malaman da ake dogara da su. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa babu wata cuta da Allah ya saukar face ya saukar da waraka tare da ita. Tare cuta tun kafin ta zo shi ma yana da asali, domin hadisin cin dabinon ajwa guda 7 da safe yana magana ne a kan kariya daga abin da bai riga ya sami mutum ba, da shi ne kuma Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya kafa hujja sa'ad da ya yi fatawar halaccin allurar rigakafi. Haka nan Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da rundunarsa daga Sarg da ya ji annoba ta sauka a Sham, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. Imamu Malik ya kawo wannan labari a cikin Muwaɗɗa. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, bai ɗauki haka a matsayin raunin tawakkali ba.

To, amma batun ko allura biyu suna jituwa a jikin jariri, wannan ba a samun amsarsa a littattafan fiƙihu. Al'amari ne na jarrabawa da gwaji. Aya ta 43 a cikin Suratun Nahli ta umarce mu da mu tambayi ma'abuta sani in ba mu sani ba, aya ta 36 a cikin Suratul Isra'i kuma ta hana mu bin abin da ba mu da ilminsa. Saboda haka dole mu juya ga abin da masana jikin ɗan Adam suka gano, mu auna shi da hankali.

YADDA GARKUWAR JIKI KE AIKI

Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jinin mutum waɗansu ƙananan halittu masu gadi, waɗanda yawansu ya wuce lissafi. Abin mamaki game da su shi ne, kowane rukuni yana da kamannin abokin gaba ɗaya da ya sani. Rukunin da ke gane ƙwayar ƙyanda dabam, wanda ke gane ta shawara dabam, wanda ke gane ta sanƙarau dabam. Aikin rigakafi shi ne ya nuna wa kowane rukuni siffar abokin gabansa, ta hanyar ƙwayar cuta da aka raunana, ko wadda aka kashe, ko wani ɗan ɓangare nata. Daga nan sai rukunin ya hayayyafa, ya ƙera makaman kariya ya zuba a cikin jini, ya kuma riƙe kamannin a cikin tunaninsa, ta yadda ran da cutar gaske ta zo za ta tarar ana jiranta.

Misalin wannan kamar ganuwar birnin Zariya ce a zamanin da. Ƙofar Doka tana da masu tsaronta, Ƙofar Gayan tana da nata, Ƙofar Kuyambana ma haka. In aka aika wa kowace ƙofa da gargaɗi a safiya ɗaya, gargaɗin da ya je Ƙofar Doka ba ya rage wa masu tsaron Ƙofar Gayan ƙarfi, domin ba mutane ɗaya ne ke tsaron ba.

Bugu da ƙari, tun daga sa'ar da aka haifi jariri yake gamuwa da ƙwayoyin halitta iri-iri a fata da baki da hanji. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida yana kai hannu ƙasa yana kaiwa baki, abin da jikinsa ke tarba a yini guda ya fi abin da ke cikin alluran nan yawa nesa ba kusa ba. Yawan tsinken allura kuma ba shi ne ma'aunin nauyin da aka ɗora wa jiki ba. Lambar agana da aka yi wa iyayenmu, ita kaɗai tana ƙunshe da ɓangarori wajen 200 da jiki zai gane, alhali rigakafin ƙyanda yana da wajen 10, na ciwon hanta kuwa 1 tak.

ABIN DA AKA JARRABA

Haɗa rigakafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1967 aka fara babban yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar. Ma'aikata suna bin gari-gari da wata na'ura mai harba magani cikin fata ba tare da tsinke ba, a yi wa kowa lambar agana, yara ƙanana kuma a ƙara musu ta ƙyanda a wannan zama. Da yawa daga cikin dattawan Paki da Hunkuyi da Gimi har yanzu suna ɗauke da tabon lamba a damtse. Sakamakon wannan aiki shi ne, a shekarar 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa cutar ta ƙare a bayan ƙasa.

Tun a wancan zamani likitoci ba su yarda su tafi a kan zato ba. A shekarar 1973 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi da yaran Nijeriya, inda aka yi musu rigakafin agana da ƙyanda da shawara a lokaci guda, kowane a wurinsa dabam, aka auna jininsu daga baya, aka tarar jikinsu ya amsa dukan ukun yadda ake bukata.

Haka aka yi wa rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wanda aka fara yi wa jama'a a watan Disamba 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ya iso Nijeriya a 2011. Kafin a shigar da shi cikin jerin alluran jarirai, sai da aka gwada shi a Nabrongo ta ƙasar Ghana da kuma ƙasar Mali tare da sauran alluran da aka saba yi, har da ta ƙyanda da ta shawara, aka ga ba ya hana su aiki, su ma ba sa hana shi. A ƙasar Gambiya kuma an yi gwaji da jarirai wajen 1,500 'yan wata 9, aka buga sakamakonsa a 2016. An raba su rukuni-rukuni: waɗansu aka haɗa musu allurar shan inna da ta ƙyanda da rubela da ta shawara, waɗansu aka yi musu ɗai-ɗai. Yawan yaran da suka sami kariya bai ragu ba don an haɗa, ba a kuma ga wata sabuwar illa ba.

Wannan ita ce ƙa'idar da ake bi: ba a shigar da sabon rigakafi cikin jeri sai an gwada shi tare da abokan tafiyarsa. A kan irin waɗannan hujjoji ne aka gina tsarin da ake bi a asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi. Ranar haihuwa a ba da na tarin fuka da na ciwon hanta da ɗigon shan inna. A mako na 6 da na 10 da na 14 a yi allurar nan mai haɗe da magani 5, watau na mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a 2012, tare da sauran abokanta. A wata na 9 a yi na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata na 15 kuma a maimaita na ƙyanda. Gangamin da aka yi a jihohin Arewa a watan Oktoba 2025, inda aka haɗa allurar ƙyanda da rubela da ɗigon shan inna, shi ma a kan wannan tushe ya tsaya.

INDA AKA SAMI TANGARƊA

Gaskiya ɗaya ce, kuma amana ta hana a ɓoye rabinta. Akwai wuraren da gwaji ya nuna wani rigakafi ya taɓa wani. A cikin gwajin nan na 1973, yaran da aka ƙara wa allurar mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora a kan ukun farko, waɗanda suka amsa na ƙyanda a cikinsu sun sauko daga kashi 89 cikin 100 zuwa kashi 70. Masu binciken ba su rufe wannan ba, sun buga shi duniya ta gani, aka sake gwaje-gwaje a waɗansu ƙasashe ba a ci gaba da ganin wannan ragi ba. A ƙasar Barazil kuma wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa haɗa na shawara da allurar ƙyanda da hangum da rubela ga yara 'yan ƙasa da shekara 2 ya rage yawan masu amsa na shawara da hangum da rubela, amma bai taɓa na ƙyanda ba. A gwajin Gambiya ma an ga adadin makaman kariya na shawara da rubela ya ɗan yi ƙasa, ko da yake bai kai ga hana kariya ba. Da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka auna waɗannan duka, sai suka tsaya a kan a ci gaba da haɗawa, domin hasarar da ke cikin yaron da bai dawo ba ta fi wannan ɗan ragi girma.

Daga irin wannan bincike ne aka fitar da sharuɗɗa da ya kamata kowane uba ya sani. Na farko, ba a zuba magani biyu cikin sirinji ɗaya, sai wanda aka haɗo shi haka tun daga masana'anta. Na biyu, kowace allura da sabon sirinjinta da wurinta, wannan a cinya, wancan a damtse, in kuwa gaɓa ɗaya ce a bar tazarar santimita 2 da rabi. Na uku, alluran da ke ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, kamar ta ƙyanda da ta shawara, ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar mako 4 a tsakaninsu. A lura da wannan da kyau. Uwar da ta ce a yi ta ƙyanda yau a bar ta shawara sai mako mai zuwa, ta zaɓi hanyar da ta fi kowace rauni ba ta sani ba, domin tashin da jiki ya yi wa ƙwaya ta farko yana iya danne ta biyu kafin ta yi aikinta.

Akwai kuma abin da aka tabbatar yana raunana amsar jiki, an kuwa gano shi ne a nan kusa da mu. A shekarar 1978 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Dokta Brian Greenwood, suka buga binciken da ya nuna cewa yaron da ke tsakiyar zazzaɓin cizon sauro jikinsa ba ya amsa rigakafin sanƙarau na wancan zamani da na taifot yadda ya kamata. Darasin da ke nan shi ne, yaron da ke kwance da ciwo mai tsanani a fara yi masa magani, in ya warke a kai shi. Amma 'yar mura ko ɗan tari ba dalili ba ne na fasawa.

ZAZZAƁIN BAYAN ALLURA

Yawancin abin da ke tsorata iyaye shi ne zafin jiki da kuka da kumburin wurin allura. Lalle waɗannan suna faruwa, musamman bayan allurar nan mai magani 5, kuma sukan wuce cikin kwana 1 ko 2. Na ƙyanda kuwa zazzaɓinsa yakan jinkirta zuwa kwana 7 ko 12, ga waɗansu yara kaɗan. Alama ce ta cewa masu gadi sun farka. A ci gaba da ba da nono, a rage wa yaro tufafi, a ba shi maganin zafin jiki gwargwadon da ma'aikacin lafiya ya faɗa, kada a shafa wa wurin kanwa ko man zafi ko wani haɗi. Rarraba alluran ba ya kawar da wannan, sai dai ya mai da kukan yini ɗaya ya zama na yini uku.

Amma in yaro ya shiɗe, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya sarƙe, ko fuskarsa ta kumbura, ko ya yi ta tsala kuka har awa 3 bai tsaya ba, to a garzaya da shi asibiti, a kuma faɗi allurar da aka yi masa. Mummunan bore na jiki nan take yana aukuwa ga wajen mutum 1 cikin miliyan, shi ya sa ake so uwa ta ɗan zauna kamar minti 15 zuwa 30 kafin ta kama hanya. Yaron da ya taɓa samun irin wannan, ko wanda ke da ciwon da ya karya masa garkuwar jiki, wajibi ne a sanar da ma'aikaci tun kafin a taɓa shi.

MA'AUNIN SHARI'A

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa in cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai an ɗauki ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi don a tunkuɗe mafi girma. Sai mu ɗora su a kan sikeli. A gefe ɗaya akwai kuka da zazzaɓin kwana biyu. A ɗaya gefen akwai ƙyanda, wadda ke kama wajen 9 cikin 10 na yaran da ba su da kariya in sun zauna da mai ita, tana kuma barin makanta da ciwon huhu da tamowa. Akwai sanƙarau, wanda a shekarar 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000. Akwai shawara, wadda ta sake ɓulla a ƙasar nan tun 2017. Akwai kuma mashaƙo, wanda ya tashi a Kano a ƙarshen 2022, a 2023 ya taɓa Jihar Kaduna har da yankin Makarfi, mafi yawan waɗanda ya kama kuwa yara ne da ba su cika rigakafinsu ba.

Sa'an nan a dubi halin zaman mutanenmu. Ƙasar rake ce da tumatir da masara. Da damina hanya takan yanke, da kaka hannu ba ya zama, da rani ana fadama ana dafa mazarƙwaila. Matar da ta biya kuɗin babur ta zo yau, ba lalle ne ta sami kuɗi ko izini ko sarari ta dawo sau uku ba. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowane mako da aka ɗaga, ƙofa ce aka bari a buɗe, ƙyanda da sanƙarau kuwa lokacin zafi suke jira. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa ɗabi'ar Manzon Allah (S.A.W.) ce in an ba shi zaɓi tsakanin abu biyu ya ɗauki mafi sauƙi matuƙar babu saɓo a ciki. Tafiya ɗaya da ta tare cuta uku ta fi sauƙi ga uwa da ɗa, ta kuma fi kusa da kiyaye rai, wanda yake ɗaya daga cikin manyan abubuwa 5 da shari'a ta zo domin ta tsare.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Ya kai maigida, hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya ka makiyayi a kan iyalinka, za a kuma tambaye ka game da kiwon da aka ba ka. Jariri ba ya iya zaɓa wa kansa. In kana da shakka, je ka da kanka ka tambayi ma'aikacin: wace allura ce wannan, wace cuta take tarewa, me zan gani bayanta? Haƙƙinka ne a ba ka amsa. Ka kuma adana katin rigakafi kamar yadda kake adana takardar gona.

Ya ku malamai da limamai, mutane suna jin maganarku fiye da ta kowa. Rashin yardar da ke zukatan jama'a yana da tarihi, tun daga gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996. Amma mun ga kuma abin da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004 ya jawo, yadda cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta, bayan sarakuna da malamai sun sa hannu. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Kada a hau mumbari da abin da aka tsinta a wayar hannu.

Ya ku ma'aikatan lafiya, da yawanku a makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi kuka yi karatu, kun san mutanen nan, kun san harshensu. Ku ji tsoron Allah a cikin aikinku. Ku kiyaye sanyin magani, ku yi wa uwa bayani kafin ku ɗaga sirinji, ku gaya mata zazzaɓin da za ta gani tun kafin ta gan shi. Kyakkyawar magana ta minti biyu tana iya dawo da uwa wata na 15, tsawa ɗaya kuwa tana iya korar unguwa guda.

Bayan an yi duk wannan, sai a dogara ga Allah, kamar yadda aka umarci mai raƙumin nan a hadisin Tirmizi da ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Allura sababi ce, mai kiyayewa shi ne Allah.

Allah ya raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani, ya kare ƙasarmu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.